Asalin Sana'ar Haɗa Keke a Ƙasar Mahuta

Duk wanda ya yi nufin sanin yadda keke ya zama abin hawan talaka a Mahuta da sauran garuruwan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, wajibi ne ya faro daga auduga, domin a zamanin da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa Funtua har ta tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, kamfanin BCGA kuma ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, a sa'an nan ne kuɗi suka fara kwana a hannun manomi da kaka. Kantunan Turawa, irin su UAC da John Holt, su suka riƙa shigo da kekunan Raleigh da Hercules daga Ingila. Amma sabon keke a lokacin nan sai hakimi, ko alƙali, ko malamin En'e, ko attajiri.

Talaka kuwa, da yake buƙata ba ta jiran wadata, sai ya koma ga makaniki. Wannan bawan Allah, wanda jarinsa bai wuce sifana da guduma da famfo da kwanon ruwan gwada faci ba, shi zai nemo tsohon firam, ya kai wa mai walda ya ɗinke tsagar, ya wanke boris da kananzir ya cika shi da giris, sa'an nan ya zauna ɗaura waya a wili ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa yana kallo, yana ɗaurewa yana sassautawa, har wilin ya daina rawa. A nan ake gane gwani, don kuwa wilin da bai miƙe ba ba ya jure buhun masara. Ko kusa ba a yin keke biyu iri ɗaya: na mai fatauci zuwa kasuwar Funtua a ƙara masa kariya ta rodi, na malamin makaranta a sa masa fitila da ƙararrawa, gajere a sauke masa sirdi. Biya kuma sannu a hankali ne, bisa amana, yau sarƙa, kasuwa mai zuwa taya.

Abin mamaki, a Faransa da Italiya keken da aka auna mutum aka ƙera masa ado ne na masu hali. A nan kuwa rashi ne ya haife shi, kuma a ganina hikimar namu ba ta gaza tasu ba.

Daga baya Raleigh ya buɗe masana'anta a Kano, Phoenix na ƙasar Sin ya zo da rahusa, sa'an nan faɗuwar darajar naira daga 1986 ta mayar da jama'a ga keken haɗi. Yau babur ya ƙwace hanya, amma har yanzu ranar kasuwa ba a rasa mai gyaran keke, kuma galibin masu kawo masa aiki manoma ne da 'yan makaranta.