Daga Kwabo Mai Huji Zuwa Gilashin Waya: Kasuwa da Nakasassu a Yammacin Zamfara

Tsohuwar kasuwar ƙasar Hausa ba ta taɓa shata wa mai saye sharaɗin gani ba. Ciniki da baki ake yin sa, daga tayi har zuwa sallamawa, kuɗi kuma hannu ke tantance su. A zamanin wuri ƙirgawa ake yi, a zamanin Turawa kuwa yatsa ya isa ya bambance kwabo mai huji da sule. Makafi na da sarkinsu a manyan garuruwa, suna da sana'arsu ta tufkar igiya, kuma makaho da sandarsa ko ɗan jagoransa yakan ci kasuwar Gummi ko ta Anka ba tare da ya damƙa wa kowa sirrin aljihunsa ba.

Yankin nan yana da dalili na musamman na tuna wannan tarihi. A watan Maris na 2010, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a wurare irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka sha gubar. Dalma takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta raunana ji, ta sa karatu ya yi nauyi. Yaran da suka tsira a wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau, masu saye da sayarwa.

Sai dai kasuwar da suka taso suka tarar ta sauya kama. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har mai sayar da gero zuwa ga tiransifa da masu POS, rashin tsaro a hanyoyi kuma ya sa tafiya banki ta zama kasada. Gilashin waya sumul yake, ba shi da huji balle baki. Wayoyin Android suna ɗauke da TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, amma tana karanta abin da maginin shafi ya raɗa wa suna ne kawai. Idan maɓallin biya hoto ne marar suna, ba ta da abin faɗa. Idan lambar tabbatarwa ta mutu kafin mai jinkirin karatu ya kwafe ta, ciniki ya watse. Daga nan sai mutum ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani, ko ya haƙura.

Wasu ƙasashe sun riga sun biya kuɗin wannan darasi. A 2006, ƙungiyar makafi ta ƙasar Amurka ta maka kamfanin Target a kotu saboda shafinsa na intanet ba ya karantuwa ga mambobinta. A 2008 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 6, ya kuma gyara shafin. A Najeriya, dokar haramta wariya ga nakasassu ta samu sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a watan Janairun 2019, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna musu wariya.

Amma tara ita ce ƙaramar asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida yana rayuwa da wata babbar nakasa. Bankin da ke neman masu ajiya a Bukkuyum, ko dillalin taki da ke karɓar oda ta shafinsa a Gummi, idan ya gina ƙofar da ba ta buɗuwa gare su, ya kori mai saye tare da iyalinsa. Gyaran kuwa ba mai tsada ba ne idan an yi shi tun daga tushe: suna ga kowane maɓalli, rubutu mai girma, Hausa mai sauƙi, isasshen lokaci. Dattijon da idonsa ya fara dishi-dishi da manomin da karatunsa bai yi nisa ba duk za su amfana. Tsohon ɗan kasuwa bai taɓa barin mai kuɗi a hannu ya wuce rumfarsa don ba ya gani ba, kuma babu dalilin da zai sa jikansa mai shafin intanet ya yi hakan.