Ranar da Kano ta bi sawun roka

Jama'a, ko kun san sunan Kano na cikin tarihin zuwa sararin samaniya? Ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a kumbo, har sau uku. Cikin tashoshin da NASA ta kafa don bin sawunsa, ɗaya a nan Kano take. Ita kuwa rokar da ta ɗaga shi, Atlas, asalinta makami mai linzami ce. Aka sauke bam, aka ɗora mutum.

A wancan zamanin samarin Amurka sun ɗauki ƙera roka da zafi, suna dama sinadarai da kansu, wasu suka rasa yatsu, wasu ido. Manya ba su tsaya ga tsawatarwa kawai ba. A 1957 aka kafa ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki, da ƙa'ida: jiki na kwali ko roba, inji na kamfani, harbi a fili. Har ƙaramin samfurin Atlas ɗin ana haɗawa a harba.

To mu fa? Yaron da ke ƙera motar langa-langa a Yakasai ko Dala, da me aka fi shi? Gorar roba, ruwa sulusinta, famfon keke, shi ke nan, roka ta wuce tsayin bene, babu ko ƙwayar albarushi. Amma fa a filin makaranta, gaban malami, ba cikin lungu ba.

Malaman kimiyya, don Allah ku gwada ko sau ɗaya a zangon nan. Allah ya yi wa yaranmu albarka.