Takardun da ɗan Nijar mazaunin Najeriya ke buƙata

Mutanen Fulatari, Maine-Soroa da Diffa ba su ɗauki tsallaka Komadugu zuwa Gaidam ko Damasak a matsayin fita waje ba. A wajen doka kuwa, fita waje ce.

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta yarda a shiga ba biza, a zauna kwana 90. Mai son wuce haka sai ya nemi katin zama a hukumar shige da fice ta Najeriya. Nijar ta fice daga ƙungiyar ran 29 ga Janairun 2025, amma CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta har a fitar da sabon tsari.

Mazauni kan yi rajista a ofishin jakadancin Nijar na Abuja ko ƙaramin ofishin Kano, a ba shi carte consulaire.

Inda aka fi sakaci shi ne haihuwa. Haihuwa a Najeriya kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasar, sai in cikin iyaye ko kakanni akwai ɗan Najeriya. A karɓi takardar haihuwarsa a can, a kai ta ofishin jakadanci ta shiga rajistar Nijar. In an bari, ranar da jarrabawa ta zo a gida sai an je kotu da shaidu.