Daga Wurno Zuwa TikTok: Ina Kiɗan Hausa Ya Dosa?

Yau zancen kiɗa za mu yi, amma bari mu fara daga Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837.

A zamanin nan malaman jihadi sun matsa wa kaɗe-kaɗen shagala lamba. To, waƙa ta mutu? Ina! Sai ta sake riga. Nana Asma'u ta riƙa rubuta waƙoƙin ilimi, jajis ɗinta na 'Yan Taru suna haddacewa, suna kai wa mata a ƙauyuka. Babu ganga ko ɗaya, murya ce kawai da kari.

Daga baya fada ta riƙe makaɗa. Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Narambaɗa da kotso a Isa. Shi kuwa Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, waƙoƙin da har gobe ake saurare. Kuma a ƙasar Gandi, cikin Rabah ɗin nan, aka haifi Ɗan Anace, wanda kalangunsa ya sa sunan Shago ɗan dambe ya zaga Arewa. Ka lura: duk wanda ke ciyar da makaɗi, shi ke juya akalar waƙarsa. Sarki na son kirarin kakanni, filin dambe na son zuga.

Rediyo da kaset suka fitar da waƙa daga fada. Sai Kannywood ta zo da fiyano, mutum ɗaya a sutudiyo ya maye gurbin ƙungiya guda. A nan ne, a ganina, aka yi asarar da ba a cika magana a kanta ba. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matsa tsarkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka daidai da karin harshen Hausa, har ka ji sunan mutum ba a buɗe baki ba. Fiyano ba ya wannan. 'Yan amshi ma, da su ne ke ɗinke baiti su mayar wa jagora, yanzu sau da yawa muryar mawaƙin ce aka ninka a kwamfuta.

Yau ubangidan waƙa shi ne waya. Bayan Jarumar Hamisu Breaker ta 2020, kowa ya gane 'yan daƙiƙoƙi a TikTok sun isa su ɗaga mawaƙi. Yaro a Goronyo na iya haɗa kiɗa a wayarsa bai taɓa zuwa Kano ba.

Ni dai inda na sa ido shi ne ranar da irin wannan yaron zai ɗauko tsohon makaɗin kalangun garinsu, ya zaunar da shi gaban makirfo, ya biya shi, ya gina kiɗan a kan abin da gangar ke faɗi. Masu wannan hannun sun fara tsufa, 'ya'yansu da yawa kuma sun kama wata sana'ar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.