3.4 Shari'ar Gado da Matsalar Hukuncin Ƙarshe a Kotunan Arewacin Nijeriya

Rigimar gado ta sha bamban da sauran ƙararraki, domin masu jayayyar 'yan gida ɗaya ne, kuma abin da ake jayayya a kansa, gona ko gida, yana nan daram bayan an tashi daga kotu. Saboda haka tambayar da ta daɗe tana damun malamai da alƙalai ita ce, a ina maganar za ta tsaya.

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi alƙalan ƙasar Hausa suka gada ta hanyar littattafai irin su Muhtasar da Tuhfa, asali shi ne hukuncin alƙali yana yanke saɓani. Wani alƙalin ba ya warware shi don kawai ra'ayinsu ya bambanta, sai in ya saɓa wa nassin Alƙur'ani ko Hadisi, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne. Misalin da aka fi kafa hujja da shi ma na gado ne, wato mas'alar mushtaraka. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da li'ummai da shaƙiƙai. Miji ya ɗauki rabi, uwa sudusi, li'ummai sulusi, dukiya ta ƙare ke nan, shaƙiƙai ba su sami komai ba. Haka Halifa Umar ya hukunta da farko. Da irin wannan ƙara ta sake zuwa gabansa, sai ya haɗa shaƙiƙai da li'ummai a cikin sulusin, amma bai koma ya rushe rabon farko ba. Haka kuma akwai i'izari, inda alƙali kan tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja kafin a rufe magana, da kuma hauzi, wanda kan toshe bakin mai da'awar da ya zuba ido shekara 10 ana cin moriyar abu a gabansa, ko kimanin shekara 40 in tsakanin dangi ne.

Zuwan Turawa bai taɓa lissafin rabon gado ba. Abin da ya taɓa shi ne wanda ke da magana ta ƙarshe. Daga 1933 aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan En'e zuwa kotunan Turawa. Ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi da aka kafa a 1956, ana iya kai ƙararta gaban Babbar Kotu, inda alƙalan ba malaman fiƙihu ba ne. Gyaran 1960 ne ya rufe wannan ƙofa, yayin da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, wadda Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. A kan aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, hukuncinta shi ne na ƙarshe, sai fa abin da ya shafi tsarin mulki. Ana iya cewa wannan shi ne lokacin da tsarin kotunan zamani ya fi kusantar abin da fiƙihu yake nufi.

Sai dai ƙirƙiro jihohi a 1967 ya jawo rarrabuwar kotun, kowace kuma tana iya fahimtar mas'ala ta hanyarta. Don haka aka nemi a kafa guda ta tarayya, abin da ya haddasa cacar baki a majalisar tsara tsarin mulki a 1978, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren. Sulhun da aka yi a tsarin mulkin 1979, wanda na 1999 ya riƙe, shi ne a riƙa kai ƙarar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, bisa sharaɗin a sami aƙalla alƙalai uku masana wannan fanni a cikinta, daga nan kuma sai Kotun Ƙoli, wadda sashe na 235 ya ce babu ɗaukaka ƙara bayanta. Wato ƙarar da ta faro daga ƙaramar kotu tana iya taka matakai har biyar.

Abin da ya fi tsawon matakan illa shi ne batun hurumi. Sashe na 277 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba gado, amma bai ba ta ikon duba jayayyar mallakar fili tsagwaronta ba, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000. A takarda bambancin a fili yake, amma a karkara ba haka ba ne, domin da wuya a sami mai da'awar gona wanda ba zai ce ta ubansa ce ba. Idan magada sun yarda gonar ta mamaci ce, rabo kawai ake jayayya, to maganar gado ce. Idan kuwa ɗaya ya ce mamacin aro aka ba shi, ko jingina ce, ta koma maganar mallaka, kuma Babbar Kotu ce wurin ɗaukaka ta. Wanda ya kuskure ƙofa, ko da ya yi nasara, daga baya a soke hukuncin baki ɗaya saboda rashin hurumi, ba tare da an duba ko rabon ya yi daidai ba. Kafin a sake ɗauko ƙarar daga inda aka kauce, sau da yawa wani daga cikin magadan ya rasu, rabonsa ya zama sabon gado, 'ya'yansa kuma su shigo shari'ar a madadinsa.