Zinariyar Cikin Waya: Amsa ga Mai Sauraro daga Gafasa

Malam, ka ce a kasuwar Gaya wani ya yi maka tallar zinariya ta waya, kana neman sanin asalin abin. To, ga bayani.

Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in wuri ce. Kuɗin takarda kuwa a Turai asalinsu rasit ne: ka ajiye zinariya, a ba ka shaida. Har 1971 gwamnatoci na iya kai wa Amurka dala su karɓi zinariya, sannan Shugaba Nixon ya soke.

A 2009 aka fito da Bitcoin, tare da wani littafin lissafi da ake kira bulokcen. Kwafinsa na cikin dubban kwamfutoci, kowane shafi ɗaure da na bayansa, don haka goge abin da aka rubuta yana da wuyar gaske. A 2019 kamfanin Paxos ya fitar da PAX Gold, kowane ɗaya a madadin oza guda ta zinariya, wajen giram 31, a ajiye a Landan. Babban bankin Zimbabuwe ma ya fitar da irin nasa a 2023.

Amma fa littafin lissafi kawai yake tsarewa, ba ya leƙa rumbu. Ai ba ka sayen gero sai ka ga buhu. Saboda haka ka tambaya: wa ke ajiyar, wa ke bincikensa? In an yi maka alkawarin riba ninki, riƙe kuɗinka. Allah ya sa mu dace.