Taba, sankarar huhu da dalili na uku da ake zargin ya laɓe

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, likitocin Birtaniya sun lura cewa mutuwa daga sankarar huhu ta ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru, kuma ba wanda ya san musabbabi. Wasu sun zargi hayaƙin masana'antu, wasu hayaƙin motoci. Richard Doll, matashin likitan da aka ɗora wa binciken tare da masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill, ya fi zargin kwaltar da ake malala wa tituna. A lokacin shan sigari ya zama ruwan dare tsakanin mazan Ingila, har da Doll kansa, saboda haka da wuya hankali ya tafi wajenta.

Sun bi asibitoci 20 na Landan, ana yi wa majinyata tambayoyi kan aikinsu, mazauninsu da ɗabi'unsu. Sakamakon ya fito a 1950. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, 2 ne kacal ba sa shan taba. Cikin wasu maza 649 da ke kwance da wasu cututtukan, 27 ne ba sa sha. Doll bai jira an kammala aikin ba ya jefar da tabarsa. A shekarar ce kuma Ernst Wynder da Evarts Graham suka wallafa makamancin wannan sakamako a Amurka.

To amma 2 da 27 me suke nufi ga mutumin da ke tafiya lafiyarsa ƙalau da kwalin sigari a aljihu? Binciken ya fara ne daga waɗanda suka riga suka kamu, ya waiwayi baya, don haka bai nuna kai tsaye mutum nawa cikin mashaya za su kamu ba. Jerome Cornfield, ɗan Amurka da ya karanci tarihi a jami'a kafin ya koma ƙididdiga, ya warware wannan a 1951. Ya nuna cewa idan cuta ba ta yawaita a cikin jama'a ba, ana iya ƙiyasta ninkin haɗarin daga irin wannan bincike. In aka bi hanyarsa da alƙaluman Landan, haɗarin mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 14.

Doll da Hill ba su tsaya nan ba. A 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambaya kan shan taba, kimanin 40,000 suka amsa, sannan aka zauna ana bibiyar wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. Zuwa 1954, likitoci 36 sun mutu da sankarar huhu, kuma dukkansu mashaya taba ne.

A nan ne Ronald Fisher ya shigo, kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Yawancin dabarun ƙididdiga da ake koyarwa a yau sun bi ta hannunsa. Daga 1957 ya riƙa rubutu yana cewa tafiyar abubuwa biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mai yiwuwa, in ji shi, akwai wani abu a ƙwayoyin halittar da mutum ya gada wanda ke sa shi sha'awar taba, kuma shi ne ke sa shi saurin kamuwa da sankara. Ya kawo hujja da binciken tagwaye, inda aka ga waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi kamanceceniya a ɗabi'ar shan taba. Asalin damuwar tasa gaskiya ce. Duk wanda ya ƙirga zai tarar masu yawo da ashana a aljihu sun fi kamuwa da sankarar huhu, amma ƙwace musu ashanar ba zai ceci kowa ba, domin taba ce ta kawo ashanar, ita ce kuma ta kawo cutar. Fisher yana tambaya ne ko ita tabar ma haka take.

Fisher mashayin lofe ne, kuma ya yi wa kamfanonin taba na Birtaniya aikin ba da shawara ana biyansa. Wannan tabo ne a tarihinsa, musamman da yake kamfanonin sun shafe shekaru suna fakewa da irin maganarsa yayin da mutane ke mutuwa. Sai dai faɗin wanda ya biya shi bai amsa tambayarsa ba. Dole a amsa ta da hujja.

Amsar ta zo a 1959, a wata doguwar maƙala da Cornfield ya rubuta tare da wasu masana biyar, cikinsu har da Wynder da William Haenszel. A ganina nan ne ilimin gano musabbabin cuta ta hanyar ƙididdiga ya balaga. Cornfield bai ce dalilin da ya laɓe ba zai yiwu ba. Ya ce a zo a auna girman da zai kasance. Idan haɗarin mashaya ya ninka na waɗanda ba sa sha sau 9, kuma taba ba ta da laifi ko kaɗan, to lallai wannan abu na gado ya fi yawa a jikin mashaya fiye da sau 9 in aka kwatanta da sauran mutane, sannan shi kansa ya ninka haɗarin cutar da aƙalla haka. Ba wanda ya iya nuna abu mai wannan ƙarfi. Gado kuma bai bayyana dalilin da ya sa cutar ta ƙaru cikin 'yan shekaru ba, ko dalilin da haɗarin ke hawa da yawan karan da ake zuƙa, ya kuma sauka ga wanda ya daina. A wannan shekarar ce Nathan Mantel da Haenszel suka fitar da hanyar kasa mutane rukuni-rukuni, misali bisa shekarunsu, a kwatanta kowa da tsaransa, sannan a haɗa sakamakon wuri ɗaya.

Akwai wata gardamar kan ma'aunin kansa. Joseph Berkson na asibitin Mayo ya ce in aka duba yawan mutanen da suka mutu, ba ninkin haɗari ba, cutar zuciya ta fi sankarar huhu cin mashaya. Alƙaluman likitocin bayan shekara 20 sun nuna abin da yake nufi. Cikin kowane mutum 100,000 a shekara, sankarar huhu ta kashe mashaya 140, waɗanda ba sa sha 10: ninki 14, ƙarin rayuka 130. Cutar zuciya ta kashe 669 da 413: ninkin bai kai 2 ba, amma ƙarin rayuka 256 ne. Berkson ya ɗauki wannan a matsayin dalilin shakka, kuma a nan ya yi kuskure. Ma'aunai biyun tambayoyi daban suke amsawa. Babban ninki ne ke sa ya yi wuya a ɗora laifin kan wani dalili na ɓoye, yawan ƙarin mamata kuwa shi ke gaya wa ma'aikatar lafiya inda ɓarnar ta fi tsanani. Ninki ƙarami kamar na zuciya ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin ɗan bambanci a abinci ko hawan jini na iya samar da shi.

Ƙungiyar manyan likitocin Landan ta tabbatar da laifin taba a 1962, shekarar da Fisher ya rasu, Babban Likitan gwamnatin Amurka ya biyo baya a 1964. A 1965 Hill ya lissafa abubuwa tara da mai bincike zai duba kafin ya ce wannan ne ya jawo wancan, ya sa ƙarfin dangantakar a gaba, ya kuma ja kunne cewa ba ko ɗaya cikinsu da ya isa hujja shi kaɗai.

Tsoron Fisher ya tabbata daga baya, amma a wani wuri. An daɗe ana ganin masu yawan sinadarin beta-karotin a jini, wanda ake samu a karas da ganye, ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba. Da aka gwada a Finland kan maza mashaya kimanin 29,000, aka ba wasu ƙwayar sinadarin bisa ƙuri'a, sakamakon 1994 ya nuna cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha ƙwayar.